Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Yanka Farashi da Rangwame a Cinikin Kayan Tartsatsin Wuta

ITAS, Jihar Bauchi. Duk lokacin da Sallah ta gabato, teburan 'yan tireda a garin Itas, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau, da na manyan kasuwanni irin ta Azare, sukan cika da kayan da ba a ganinsu a sauran watannin shekara, watau huluna da takalman yara da tabarau da bindigogin roba, sa'an nan, a shekarun da hukuma ba ta hana ba, da kayan tartsatsin wuta waɗanda yara suka fi sani da suna nokawut. Waɗannan kaya ƙanana ne a ido, amma cinikinsu ya ƙunshi kusan dukkan ƙa'idojin da ake bi wajen yanka farashin kayan da ke da lokaci. Duk ɗan kasuwar da ya fahimci lissafinsu zai iya ɗora shi a kan yadi ko takalmi ko ragon layya.

Alƙaluman Naira da za a kawo a misalan da ke ƙasa an ƙaddara su ne don sauƙin lissafi. Kowane ɗan kasuwa sai ya sa nasa a gurbinsu.

Inda kayan suke fitowa

Mafi yawan kayan tartsatsin wuta da ake sayarwa a duniya a ƙasar Sin ake yin su, kuma birnin Liuyang na lardin Hunan shi ne cibiyar wannan sana'a. A Indiya kuwa garin Sivakasi na jihar Tamil Nadu ne ya yi suna a kai. Kafin fakiti ɗaya ya iso teburin ɗan tireda a Itas, ya riga ya bi hanyar da sauran ƙananan kayan waje suke bi: ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, ya shiga hannun manyan 'yan sari, ya hau mota zuwa Kano, daga can ya biyo hanyar Wudil da Shuwarin zuwa Azare, kana ya ƙarasa ƙauyukan ƙasar Katagum a bayan babur ko a ƙaramar mota. Kowane hannu da ya taɓa shi ya ɗora nasa, kowace tafiya kuma ta ci kuɗin mai.

Tun da da kuɗin waje ake sayo kayan, darajar Naira ita ce ke fara yanka musu farashi. Tsofaffin 'yan kasuwa ba su manta da shekarar 1995 ba, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari, gwamnati tana riƙe da dala a kan Naira 22 alhali a kasuwar bayan fage ta haura Naira 80. An sake ganin irin wannan girgiza bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin Naira a watan Yuni na wannan shekara, har dala ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. A irin wannan yanayi, wanda ya sayar da tsohon kaya a kan tsohon farashi yakan ga kamar ya ci riba, sai ya koma sari ya tarar kuɗin da ke hannunsa ba za su sayi rabin abin da ya sayar ba. Saboda haka abin da ake dubawa wajen yanka farashi shi ne kuɗin da za a kashe a mayar da kayan gurbinsu a yau.

Darasi na farko: sanin uwar kuɗi

A ƙaddara wani ɗan tireda ya sari katon ɗaya mai fakiti 50 a kan Naira 56,000. In ya raba, zai ga kowane fakiti ya faɗo masa a kan Naira 1,120. Da yawa a nan suke tsayawa, kuma a nan asara take farawa. Kuɗin mota da na 'yan dako sun ci Naira 4,000, watau katon ya tashi Naira 60,000. Da ya buɗe kuma sai ya sami fakiti 2 sun murƙushe ko sun sha laima. Saura 48 ke nan za su ɗauki nauyin kuɗin gaba ɗaya, kowane ɗaya a kan Naira 1,250. Wannan ita ce uwar kuɗi ta gaskiya, kuma ta ɗara lissafin farko da Naira 130 a kan kowane fakiti.

In ya sayar a kan Naira 1,500, ribarsa Naira 250 ce. Idan aka auna ta da uwar kuɗi, kashi 20 ce cikin ɗari. Idan kuwa aka auna ta da kuɗin sayarwa, ba ta kai kashi 17 ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin rangwame a kan kuɗin sayarwa ake lissafa shi. Ɗan tiredan da ya ce ribarsa kashi 20 ce, sa'an nan ya yi wa wani ragin kashi 20 da zaton sun tashi babu ci babu asara, ya sayar ke nan a kan Naira 1,200, ya yi asarar Naira 50 daga cikin jarinsa.

Darasi na biyu: kwantai yana cikin farashi

Sabulu da sukari da ashana ana sayensu kullum. Nokawut kuwa kasuwarsa ba ta wuce 'yan kwanaki, daga jajibere zuwa ƙarshen hawan Sallah. Da zarar yara sun kashe kuɗin barka da Sallah, ciniki ya mutu. Gogaggen ɗan tireda ya san ba zai sayar da katon duka a cikin waɗannan kwanaki ba, don haka yakan sa kwantai a lissafi tun kafin ya buɗe kwali.

A ƙaddara yana son ribar Naira 12,000 a kan katon ɗin, watau ya tara Naira 72,000. Ya kuma yi kirdadon fakiti 36 ne za su shiga a kan cikakken farashi, sauran 12 sai dai ya karyar da su bayan Sallah a kan Naira 800 kowane, su kawo Naira 9,600. Saura Naira 62,400 dole su fito daga fakiti 36 ɗin nan, abin da ya kama kimanin Naira 1,733 kowane. Sai ya yanka Naira 1,750.

Ma'anar wannan ita ce, mutumin da ya saya ranar jajibere shi ne ya biya kuɗin ragin da za a yi wa wanda zai saya bayan kwana huɗu. Rangwamen ƙarshen kasuwa ba kyauta ba ce daga aljihun mai kaya. An riga an karɓi kuɗinsa tun a ranakun da ake rububi.

Wani zai ce me zai hana a ajiye kwantan zuwa baɗi? Amsar tana cikin kalanda da kuma cikin kayan kansu. Sallah tana ja baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, Babba kuma ranar 16 ga Yuni. A 2025 an yi su ranar 30 ga Maris da 6 ga Yuni. Kayan da suka kwanta bayan Babbar Sallah a irin waɗannan shekaru sai sun ratsa damina gaba ɗayanta, albarushin da ke cikinsu kuwa ba ya shiri da laima. In mai kaya ya karyar da fakiti 12 nan take ya sami Naira 9,600, ya juya su a kayan masarufi da ke ba shi ribar kashi 5 a wata, a cikin wata tara za su haifar masa da Naira 4,320, jimla Naira 13,920. In kuwa ya ajiye, fakiti 4 suka lalace, ya sayar da 8 a kan cikakken farashi, zai sami Naira 14,000. Bambancin Naira 80 ne kacal, ga shi kuma ya kwana wata tara da albarushi a shagonsa. Shi ya sa masu hankali suke karyar da kaya su huta.

Darasi na uku: abin da ragi yake ci

Ragi ba daga farashi yake fita ba, daga riba yake fita. A kan farashin Naira 1,750 da uwar kuɗi Naira 1,250, riba Naira 500 ce. Ragin kashi 10 ya kama Naira 175, ya bar ribar Naira 325. Mai saye ya ga an sauke masa kashi 10, mai kaya kuwa ya rasa kashi 35 na ribarsa. Fakiti 36 a kan cikakken farashi suna kawo ribar Naira 18,000. Kafin a sami wannan adadi bayan ragi sai an sayar da fakiti 56, fiye da abin da ke cikin katon ɗin duka.

Don haka kafin ɗan kasuwa ya shelanta rangwame, ya kamata ya tambayi kansa ko akwai ƙarin masu saye da ragin zai jawo. A babbar kasuwa kamar ta Azare, inda jama'a ke kwararowa daga ƙauyuka da ma maƙwabtan garuruwa na Jihar Jigawa, ragi yana iya janye mutane daga teburin wani zuwa na wani. A ƙaramin gari kuwa, inda yawan yara da abin da ke aljihunsu sananne ne, ragi ba ya ƙaro masu saye, sai dai ya rage abin da waɗanda dama za su saya za su biya. Har ila yau, ƙasar Itas ƙasar noma ce, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma kuɗi sun fi yawo a hannun jama'a bayan kaka. Sallar da ta faɗo a bazara ko farkon damina takan sami magidanta suna tanadin taki da iri, abin da ke hannun yara kuma ya ragu. Mai sari ya kamata ya rage yawan abin da zai ɗauko a irin wannan shekara, maimakon ya dogara da ragi ya fitar da shi.

Darasi na huɗu: rangwamen baki da na gaskiya

Akwai hanyoyi da dama da ake sa farashi ɗaya ya zo da fuskoki daban-daban, kuma cinikin kayan tartsatsin wuta ya shahara da su a ko'ina cikin duniya. A Indiya, gabanin bikin Diwali, akan buga farashi mai tsada a jikin kwali sa'an nan a yi shelar ragin rabi ko fiye. A Amurka, gabanin bikin 'yancin kai na 4 ga Yuli, shagunan wannan kaya sukan yi tallar cewa wanda ya sayi ɗaya za a ba shi ɗaya kyauta. Lissafinsu duka ɗaya ne.

Alal misali, in aka ce fakiti Naira 2,500 ne amma an yi ragin kashi 30, abin da za a biya Naira 1,750 ne. In aka ce a sayi ɗaya a kan Naira 3,500 a karɓi ɗaya kyauta, kowane ya faɗo a kan Naira 1,750, sai dai an tilasta wa mai saye ɗaukar biyu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sauran lissafin da ya kamata kowa ya riƙe su ne waɗannan. Sayen biyu a ba da na uku kyauta ragin kashi ɗaya ne cikin uku. Sayen ɗaya a ba da na biyu a rabin kuɗi ragin kashi 25 ne, ba 50 ba. Ragin kashi 20 da aka ɗora masa wani na kashi 10 ya kama kashi 28, ba 30 ba, domin na biyun a kan ragowar kuɗi ake cire shi. Sa'an nan wanda ya ɗaga farashi da kashi 25 a farkon mako, daga Naira 1,400 zuwa 1,750, ya kuma yi ragin kashi 20 a ƙarshen mako, ya dawo daidai inda ya taso.

A kasuwannin ƙasar Hausa wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Mai kaya yakan faɗi kuɗi sama da abin da zai karɓa don ya bar wa tayi wuri, ya ce albarka sau ɗaya ko biyu, sa'an nan ya sallama. Gyara ma rangwame ce, kuma ta fi wa mai kaya sauƙi. In ya ƙara wa wanda ya sayi fakiti goma guda ɗaya a matsayin gyara, mai saye yana ganin an ba shi abin Naira 1,750, shi kuwa mai kaya Naira 1,250 ya fitar. Da ragin kuɗi ya yi masa na wannan adadi, da Naira 1,750 ɗin ce cur za ta fita daga aljihunsa.

Wata hanyar kuma ita ce a karya farashin ƙaramin kaya guda ɗaya da kowa ya san kuɗinsa, don a jawo mutane, sa'an nan a mayar da asarar a kan manyan kayan da ba a san farashinsu ba. Akwai kuma ƙunshin da ake haɗa kaya iri-iri a cikinsa a sa masa kuɗi ɗaya, wanda sau da yawa ta nan ake fitar da kwantan bara.

Tsakanin 'yan sari da 'yan kiri akwai ragin kuɗi hannu, wanda shi na gaskiya ne. In ɗan sari ya ce zai rage kashi 5 ga wanda ya biya nan take maimakon bayan wata ɗaya, wanda ya zaɓi bashi yana biyan abin da in an lissafa shi a shekara ya haura kashi 60 cikin ɗari. Mai halin biya bai kamata ya bar wannan ragi ya wuce shi ba.

Doka ba ta hana ragi ba, amma ta hana yaudara. Tun 1992 aka kafa Majalisar Kare Haƙƙin Masu Saye a ƙarƙashin Doka ta 66, kuma a farkon 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta maye gurbinta da hukumar FCCPC. A watan Fabrairu na 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja bisa zargin cewa kuɗin da ake karɓa a wurin biya ya saɓa da wanda aka liƙa a kan kanta.

Darasi na biyar: doka da gobara

Wannan shi ne ɓangaren da ya raba kayan tartsatsin wuta da sauran kayan Sallah. Nijeriya tana da dokar abubuwa masu fashewa tun 1964, kuma rundunonin 'yan sanda na jihohi sun sha fitar da sanarwar hana sayarwa da harba nokawut a lokutan Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, saboda ƙararsa tana kama da ta bindiga, tana firgita jama'a, tana kuma ba miyagu mafaka. Mutanen ƙasar Katagum sun san dalilin wannan fiye da kowa, domin a watannin Oktoba da Nuwamba na 2014 bama-bamai sun tashi a tashar mota da kuma kasuwar wayoyi ta Azare, aka yi asarar rayuka.

Inda sanarwar hani take aiki, babu wani lissafin riba da ya halatta cinikin. Ko ta fuskar kuɗi kaɗai ma, wanda ya sari katon 5 a kan Naira 300,000 aka ƙwace ɗaya, sauran 4 sun koma Naira 75,000 kowane, uwar kuɗin fakiti ta tashi daga Naira 1,250 zuwa sama da 1,560. In duka aka ƙwace, jari ya tafi, ga kuma shari'a. Don haka matakin farko kafin a tafi sari shi ne a je ofishin 'yan sanda na yanki a ji matsayin doka a wannan shekara.

Batun gobara kuwa, abin da ya faru a Legas ya isa darasi. A ranar 26 ga Disamba, 2012, wuta ta kama wani gini da aka tara irin waɗannan kaya a unguwar Jankara ta tsibirin Legas, fashewar ta hallaka aƙalla mutum ɗaya, ta jikkata gwammai, ta kuma cinye gine-ginen da ke kewaye. A ƙauyukan Itas, inda rumbuna da danni da tarin kara suke daf da juna, tartsatsi ɗaya a cikin iskar hunturu ko zafin bazara ya isa ya cinye amfanin shekara. Mai ajiye wannan kaya ya nisanta shi daga fetur da kananzir da janareta da murhu, kada ya sa shi a ɗakin kwana, kada kuma ya bari a gwada shi a gaban tebur.

Shawara ga mai saye da ƙaramin ƙarfi

Magidancin da ya yi niyyar saya wa iyalinsa, a inda aka halatta, ya fara yanke adadin da zai kashe tun daga gida, ya kuma tsaya a kansa. In ya isa kasuwa ya manta da kashin ragin da ake faɗa masa, ya ƙirga ƙwayoyin da ke cikin fakiti ya raba da kuɗin, domin fakiti biyu masu girma ɗaya suna iya bambanta a yawan abin da ke ciki. Ya zaga tebur uku ko huɗu kafin ya taya. Ya duba kwalin, in ya ga ya koɗe, ko ya yi laushi, ko yana zubar da gari, to kayan bara ne, kuma wanda ya ƙi tashi nan take ya fi haɗari, domin yaro yakan koma ya ɗauke shi ya duba. Araha ba ta ado.

Maƙwabta huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su sayi dozin a farashin sari su raba, wanda shi ne ragin da ba shi da ɓoyayyen lissafi. Wanda kuma zai iya haƙuri zuwa kwana na uku ko na huɗu na Sallah zai sami kayan a karye. Kada dai arahar ƙarshen kasuwa ta sa shi ya tara na baɗi a gida, domin a lokacin ya ɗauke wa ɗan tireda haɗarin laima da na wuta ya ɗora wa kansa. Daɗin daɗawa, kada a bar yara su harba ba tare da babba a wurin ba, kuma a yi nesa da dawakin hawa, domin doki in ya firgita a cikin taro ɓarnar ba ƙarama ba ce.

Abin da ɗan kasuwa zai rubuta

Ana shawartar duk mai cinikin kayan da ke da lokaci ya tanadi littafi ya rubuta abubuwa biyar a kowace Sallah: kuɗin sari, kuɗin mota da dako, yawan abin da ya lalace, yawan abin da ya sayar a kan cikakken farashi, da yawan abin da ya karyar da kuma nawa ya karyar da shi. Bayan Sallah biyu ko uku littafin zai nuna masa katon nawa kasuwarsa take iya ɗauka, da ranar da ya kamata ya fara ragi, da iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba. Da wannan littafi zai tafi Azare ko Kano in lokacin sari ya zagayo.